Kocin da Ya Zauna Wuri Guda: Ƙwallon Kwando Daga Houston Zuwa Samaru

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda motocin Tudun Wada da Doguwa ke karkata su nufi dajin Falgore. Ranar Asabar da yamma, a nan da sauran garuruwan yankin, tun daga Bebeji har Kiru, ƙarar janareto da ihun samari a gidajen kallon ƙwallo su ke cika gari. Yaron da bai taɓa wuce birnin Kano ba zai jero sunayen 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid, har da na kan benci, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma a tambaye shi wane ne OBJ, nan take zai ce ai tsohon shugaban ƙasa Obasanjo ake nufi.

To akwai wani OBJ ɗin, kuma ba nesa ya yi aikinsa ba. Sunansa Oliver B. Johnson, Ba'amurke ne da ya zo Najeriya tun wajen shekarun 1970, ya yi zamansa a Zariya yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ɗaya daga cikin yaran da suka taso a hannunsa, Masai Ujiri, shi ne ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada har ta ci kofin NBA a 2019, gasar da babu kamarta a duniyar wannan wasa.

Labarin Johnson yana da wa a Amurka. Can ma akwai wani koci, Guy Lewis, wanda ya kama aiki a Jami'ar Houston a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, bai bar ta ba sai da ya yi fiye da shekara 30. A hannunsa ne wani yaro ɗan Legas, wanda ya buga gasarsa ta farko a Sakkwato, ya zama Hakeem Olajuwon da duniya ta sani. Zaren da ya haɗa mutanen nan huɗu ya ratsa ta arewacin Najeriya har sau biyu.

Wasan da aka haifa a makaranta

Ƙwallon kwando ɗan aji ne tun asalinsa. A Disambar 1891 wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, yana koyarwa a wata makaranta a garin Springfield na jihar Massachusetts. Sanyin hunturu ya hana ɗalibai fita fili, zaman ɗaki kuma ya sa sun addabi malamai. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafe su a jikin barandar zauren wasanni, ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibansa 18 gida biyu, ya miƙa musu ƙwallon ƙafa ya ce su jefa a kwando. Kwandunan ba a huda gindinsu ba, don haka duk lokacin da aka ci sai an hau an ciro ƙwallon.

Tsayin da ya kafe kwandon, ƙafa 10, wato mita 3.05, har yau shi ne ma'auni a ko'ina. Sauran abubuwa ne suka canja. Yanzu mutum biyar-biyar ake bugawa, a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, sai dai a riƙa buga ta da ƙasa ana tafiya, ko a miƙa wa ɗan'uwa. Jefawa daga kusa maki 2 ne, daga bayan babban layin da ya zagaye kwando maki 3, jifan fanareti kuma maki 1. A dokar ƙasa da ƙasa ana yin zango huɗu, kowane minti 10, kuma ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 kawai take da su ta kai hari.

Abin dariya a tarihin wasan shi ne, mai ƙirƙirarsa bai yarda yana buƙatar koci ba. A ganinsa wasa ne da ake bugawa kurum, ba abin koyarwa ba ne. Da ya koma Jami'ar Kansas a 1898 ya riƙe ƙungiyarta, ya ci wasa 55 aka cinye shi 60, kuma har yau shi kaɗai ne kocin jami'ar da rashin nasararsa ya fi nasararsa yawa. Ɗalibinsa Phog Allen ne ya ƙi jin wannan magana, ya mayar da horarwa sana'a, ya riƙe ƙungiyar Kansas shekara 39.

Daga nan kocin jami'a ya zama babban mutum a Amurka. Dalili kuwa shi ne tsarinsu: yaro ya yi fice a sakandare, jami'a ta ɗauke shi da tallafin karatu, ya buga mata wasa yana karatu, daga nan ƙungiyoyin kuɗi su zaɓe shi. Gasar jami'o'i ta ƙasa, wadda ake kira NCAA, ta fara tun 1939, shekara bakwai kafin a kafa gasar da ta zama NBA. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu ya wuce. Koci ne ke nan daram, shi ne mai nemo yara, mai koyar da su, mai bin sawun karatunsu, wani lokaci ma shi ne uban da suke kai wa kuka.

Mai tawul ɗin ɗigo-ɗigo

An haifi Guy Lewis ranar 19 ga Maris, 1922, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Arp a jihar Texas. Ya yi aikin sojan sama a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an gama ya shiga Jami'ar Houston, ya buga mata wasa a 1946 da 1947, lokacin ƙungiyar jami'ar tana jaririya. A 1953 ya dawo a matsayin mataimakin koci, a 1956 aka damƙa masa ragamar.

Farkon bai yi daɗi ba. Shekara uku a jere, wasannin da aka cinye shi sun fi waɗanda ya ci. A yau, da wuya koci ya tsira daga irin wannan. Jami'ar ta yi haƙuri da shi, shi kuma ya biya ta da kakar wasa 27 a jere ba tare da nasara ta gaza rashin nasara ba. 'Yan kallo sun san shi da wani tawul mai ɗigo-ɗigon ja da fari da yake riƙewa a bakin fili, yana murɗa shi, yana wurgi da shi sama idan alƙalin wasa ya ɓata masa rai.

Babban matakin da ya ɗauka ba a cikin fili ya ɗauke shi ba. A wancan zamani yawancin manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa saka baƙar fata a ƙungiyoyinsu. A 1964, shekarar da aka sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a, Lewis ya tsallaka jihar Louisiana ya ɗauko samari biyu baƙaƙe, Elvin Hayes daga Rayville da Don Chaney daga Baton Rouge. Su ne baƙaƙen farko a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston. Hayes ya taso ne a garin da ake noman auduga, inda baƙi da fari ba sa haɗa makaranta. Shekara biyu bayan haka, a 1966, wata jami'ar Texas ɗin, Texas Western, ta fito da baƙaƙe biyar a wasan ƙarshe ta doke Kentucky da maki 72 da 65 ta ɗauki kofin ƙasa. Daga nan ƙofar da aka daɗe da tokarewa ta fara buɗewa ko'ina.

Lewis mutum ne mai son a zo a kalla. Shi ya dage sai an shirya wasa tsakanin Houston da jami'ar UCLA, zakarun ƙasa na lokacin, a Astrodome, katafaren filin da aka yi wa rufi domin wasu wasannin daban. UCLA tana hannun koci John Wooden, tana da dogon ɗan wasa Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya koma Kareem Abdul-Jabbar, kuma ta ci wasa 47 a jere ba a taɓa ta ba. Ranar 20 ga Janairu, 1968, mutum 52,693 suka cika wurin. An shimfiɗa dandamalin wasan a tsakiyar fili, nesa da kujeru, har 'yan wasan suka zama kamar 'yan tsana a idon na sama. Shi ne karo na farko da aka nuna wasan jami'o'i na tsakiyar kaka kai tsaye a talabijin ga ƙasar baki ɗaya, a lokacin da kowa yake gida da dare. Alcindor yana fama da ciwon ido, Hayes kuwa ya ci maki 39, ciki har da jifan fanareti biyu saura daƙiƙa 28 a tashi. Houston ta yi nasara da 71 da 69.

Ramuwar ba ta jima ba. Bayan wata biyu suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa, UCLA ta lallasa su da 101 da 69. Amma kamfanonin talabijin sun riga sun gano cewa akwai kuɗi a wasan ɗalibai.

Akwai kuma aƙidarsa game da danƙara ƙwallo, wato ɗan wasa ya yi tsalle ya tura ta cikin zobe da hannunsa daga sama maimakon ya jefa. Dattawan wasan suna ganin hakan burga ce da rashin ladabi, har hukumar gasar jami'o'i ta haramta shi daga 1967 zuwa 1976. Lissafin Lewis daban ne: ƙwallon da aka danƙara ba ta kuskure. Da aka ɗage haramcin sai ya gina ƙungiyarsa a kan gudu da tsalle. Abin da ya rage masa shi ne dogon da zai tsaya a ƙarƙashin kwando.

Ɗan ƙwallon hannu a Sakkwato

An haifi Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963, iyayensa 'yan kasuwar siminti ne. Gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma gwani a ƙwallon hannu. Yana ɗalibi a Kwalejin Horar da Malamai ta Musulmi da ke Legas, yana da kimanin shekara 15, aka shirya bikin wasanni na kwalejojin malamai na ƙasa a Sakkwato. Da sunan ƙwallon hannu aka sa shi a tawaga. Ganin tsayinsa, sai 'yan ƙwallon kwando na makarantar suka roƙi a ara musu shi. Kocin da ya fara nuna masa yadda ake tsayuwa a gaban kwando shi ne Ganiyu Otenigbagbe, kuma aikin da aka ba shi mai sauƙi ne ga tsohon gola: duk ƙwallon da ta nufo, ya kaɗe ta.

Cikin ƙanƙanin lokaci ya shiga tawagar matasa ta ƙasa. A wata gasar matasan Afirka da aka yi a Angola a 1980, wani koci Ba'amurke mai aiki a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Christopher Pond, ya gan shi, ya aika wa Lewis labari. Lewis ya sha jin irin wannan albishir na dogon yaro daga ƙetare, wanda idan ya iso sai a ga ashe gajere ne. Don haka bai tura kowa filin jirgi ba. Da saurayin ya sauka Houston a Oktoban 1980 ya buga waya, sai aka ce masa ya hau tasi.

Abin da ya fito daga tasin dogo ne mai kusan ƙafa bakwai, siriri kamar sillen kara, wanda bai cika shekara uku da fara taɓa ƙwallon kwando ba. A nan aikin koci ya fara. Shekarar farko bai buga gasa ba, atisaye kawai yake yi, ana ɗura masa nama da askirim don ya yi jiki. Shekara ta biyu daga benci yake shigowa, yana saurin gajiya, yana yawan yin laifi. Masu horarwar suka tura shi wani zauren wasanni na unguwa mai suna Fonde, inda ƙwararru ke haɗuwa lokacin hutu, ya riƙa gwabzawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan dogayen NBA. Malone bai raga masa ba ko kaɗan. Da aka dawo hutu, wani mutum ne daban ya shigo fili.

Olajuwon da Clyde Drexler da abokansu suka zama ƙungiyar da wani ɗan jarida ya laƙaba wa suna Phi Slama Jama, saboda yawan danƙara ƙwallo. Sau uku a jere, 1982, 1983 da 1984, suna kaiwa zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe. A 1983 kowa ya sallama musu kofi, amma a daƙiƙar ƙarshe wani ɗan wasan North Carolina State, Lorenzo Charles, ya cafe wata ƙwallo da ta gaza isa kwando ya danƙara ta, aka tashi 54 da 52. Da makamin Lewis aka kashe shi. Duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 suka sake zuwa wasan ƙarshe, Georgetown ta doke su da 84 da 75, kocinta John Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi.

A shekarar ce Houston Rockets ta ɗauki Olajuwon a matsayin na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa, Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci mata kofin NBA a 1994 da 1995, ya bar tarihin kaɗe ƙwallo sau 3,830, adadin da ba a kamo ba. Musulmi da yawa sun fi tuna shi da wani abu daban: yana azumi yake buga wasa. A Fabrairun 1995, wanda ya dace da watan Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata na NBA.

Lewis ya yi ritaya a 1986 da nasara 592 da rashin nasara 279. Sau biyar yana kaiwa zagayen huɗun ƙarshe, bai taɓa ɗaga kofin ba. Wannan giɓi ya sa aka daɗe ana hana shi shiga zauren karrama gwarzayen wasan da ke Springfield, alhali ɗalibansa uku, Hayes, Drexler da Olajuwon, duk sun shiga. Hayes ya ƙaurace wa bukukuwan zauren shekara da shekaru don nuna fushinsa. Sai a 2013, yana da shekara 91, aka shigar da shi. Ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 2015.

Filin Samaru

Lokacin da Olajuwon ke tashe a Houston, wani yaro a Zariya yana bin labarinsa. An haifi Masai Ujiri a Bournemouth ta Ingila a 1970, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Isoko ne daga jihar Delta ta yanzu, ma'aikacin asibiti, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Kamar kowane yaron arewa, da ƙwallon ƙafa ya fara. Yana da shekara 13 ya koma ƙwallon kwando a filayen siminti na sararin Allah, yana karanta mujallun wasanni na Amurka, yana kallon kaset-kaset na bidiyo har su gaji. Gwaninsa kuwa Hakeem ne.

Kaset ba ya gyara wa yaro tsayuwa. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Koci OBJ. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta tara ɗalibai da ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan da ma ƙetare, tana da filaye, tana shiga gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA da aka fara a 1966. Johnson bai tsaya kan ɗaliban jami'a kaɗai ba. Ya buɗe fili ga ƙananan yara, 'ya'yan malamai da 'ya'yan gari, wanda hakan ya sa Zariya ta zama ɗaya daga cikin manyan matattarar wannan wasa a Najeriya. A ƙasar nan ana lissafa shi cikin waɗanda suka sa hannu wajen horar da Olajuwon yana matashi, kuma Ujiri ya sha ambatonsa a bainar jama'a a matsayin malaminsa.

Ba a san Johnson da cika filin mutum dubu hamsin ba, kuma ba a nuna wasanninsa a talabijin ɗin duniya. Inda suka yi tarayya da Lewis shi ne zama. Baƙi masu horarwa da yawa sun zo Afirka sun yi bita ta mako biyu, sun raba riguna, sun ɗauki hoto sun tafi. Shi ya zauna har yaran da ya koya wa riƙe ƙwallo suka girma suka zama masu koyar da wasu.

Ujiri bai zama tauraro a fili ba. Ya je Amurka, ya buga wa wata ƙaramar kwaleji, Bismarck State, a jihar North Dakota, ya yi wajen shekara shida yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai. Abin da ya ɗauko daga Zariya shi ne ido. A 2002 ya fara yi wa Orlando Magic farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biya wa kansa kuɗin tafiya, yana kwana a ɗakunan abokai. Denver Nuggets ta ɗauke shi aiki, a 2010 ta naɗa shi babban manajanta, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a manyan wasannin Amurka. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajoji na NBA, ya koma Toronto. Shi ya ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a 2016 lokacin da ƙungiyoyi suka tsallake shi har zuwa lamba 27, shi ya yi kasadar musayar da ta kawo Kawhi Leonard a 2018. Ranar 13 ga Yuni, 2019, Raptors ta doke Golden State Warriors ta ɗauki kofi, karo na farko da ya fita daga Amurka.

Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ke shirya sansanonin horar da matasa da gina filaye a ƙasashen Afirka. Wato ya koma yin abin da aka yi masa.

Daga Ƙofar Mata zuwa Riruwai

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Bayan ta ƙwallon ƙafa da kowa ya sani, Kano Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon kwando da ta ci gasar ƙasa sau da dama, tana buga wasanninta a rufaffen zauren filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira. Kocinta na tsawon shekaru, Sani Ahmed, ya yi aiki da tawagar ƙasa, haka ɗan wasanta Abubakar Usman ya sa rigar Najeriya.

Ita kanta Najeriya ta yi nisa. Tawagar maza, D'Tigers, ta ci kofin Afirka a 2015 a Tunisiya bayan ta doke Angola. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta yi mata cin kaca, 156 da 73, amma a Yulin 2021 ta rama a wasan sada zumunta a Las Vegas da 90 da 87. Matan sun ma fi: D'Tigress sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Olamfik ta Paris a 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan 'yan wasa a ƙetare aka haife su ko aka horar da su, a hannun kocin makarantun wasu ƙasashe.

A nan ne maganar ta dawo kudancin Kano. Dogayen yara ba su yi ƙaranci ba a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa; ranar kasuwa kaɗai ta isa shaida. Yaron da ya saba da noma da ɗaukar buhu da hawan duwatsun Riruwai ba ƙarfi zai nema ba. Wasan kuma ba mai cin fili ba ne. Filin ƙwallon ƙafa guda ya ninka na kwando kusan sau 17 a girma. Daɓen siminti, ƙarfe biyu da allo da zobe da mai walda na gari zai iya haɗawa, da ƙwallaye kaɗan, sun isa a fara.

Ƙanƙantar filin tana da wata fa'ida ga makarantun 'yan mata, domin yana shiga cikin harabar da aka katange. Batun sutura ma an warware shi: a 2017 hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta soke dokar da ta hana rufe kai, don haka mace tana iya buga gasar ƙasa da ƙasa da ɗankwalinta ko hijabinta na wasanni.

Abin da siminti ba zai iya ba shi ne aikin mutum. Ƙwallon ƙafa yaro yakan koye ta a lungu da ƙunshin tsumma, ba tare da kowa ya nuna masa ba. Ƙwallon kwando ba haka take ba. Yadda ake ajiye ƙafa, yadda gwiwar hannu ke tsayawa lokacin jifa, buga ƙwallo da hagu kamar da dama, tare abokin karawa ba tare da an ture shi ba, duk sai an nuna, an maimaita, an gyara, wata da watanni. Olajuwon da kansa sai da ya yi shekara biyu a Houston kafin ya zama abin tsoro. Masu iya wannan koyarwa kuwa ana yaye su kowace shekara a sassan koyar da motsa jiki da lafiya na Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na Kano. Matsalar da aka saba gani ita ce, idan an tura irin wannan malami makarantar karkara sai a ɗora masa wani darasin da ba shi da malami, ko a yi masa canjin wurin aiki kafin yaran da ya fara da su su kai aji uku.

Houston ta jure wa Lewis shekara uku na faɗuwa kafin ta ga riba. Zariya ta riƙe Johnson shekaru masu yawa kafin sunan ɗalibinsa ya fito a Toronto. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, suna iya farawa da sakandare ɗaya a kowace ƙaramar hukuma: a zuba daɓe, a kafa kwando biyu, a kawo malamin da ya karanci wasan, a shirya gasa tsakanin makarantun huɗu sau ɗaya a kowane zangon karatu, sannan a roƙi hukumar ilimi ta bar malamin a wurin aƙalla shekara goma.